Lamba 115 a Faransa: doka ta yi wa kowa alkawarin makwanci, kasafin kuɗi kuwa ya ƙidaya gadaje

Duk wanda dare ya riske shi a Faransa ba shi da inda zai sa haƙarƙarinsa, abu na farko da za a ce masa shi ne ya kira 115. Lamba ce ta kyauta wadda take aiki dare da rana a kowace gunduma ta ƙasar tun shekarar 1997, kuma ita ce ƙofar shiga tsarin makwancin gaggawa da gwamnatin tsakiya take ɗaukar nauyinsa. Na shafe shekaru ina yi wa 'yan uwanmu masu jin Hausa tafinta a wata ƙungiyar agaji da ke kewayen birnin Paris, yawancinsu daga Nijar, wasu daga arewacin Nijeriya da Kamaru da zangunan Gana, kuma na kira wannan lamba a madadin mutane sau da yawa har na san tambayoyin da za a yi tun kafin a yi su. Ra'ayina a kanta shi ne, hidima ce mai daraja wadda ta rufa wa dubban bayin Allah asiri, ma'aikatanta kuma sun cancanci yabo, amma an ɗora mata alkawarin da kuɗin da ake ware mata ba ya iya cikawa, sannan wani kaso mai tsoka na kuɗin yana tafiya ne wajen sayen kwana ɗai-ɗai a otal, abin da ba ya fitar da iyali daga halin da suke ciki.

Alkawarin kansa rubutacce ne, kuma ya kamata kowane baƙo ya san shi. Dokar ranar 25 ga Maris 2009 ta shigar da wani sashe cikin kundin dokokin jin daɗin jama'a, mai lamba L345-2-2, wanda ya tanadi cewa duk mutumin da ba shi da matsuguni kuma yake cikin ƙunci na lafiyar jiki ko na tunani ko na zamantakewa yana da haƙƙin a ba shi makwancin gaggawa a kowane lokaci. Sashen bai gindaya sharaɗin zama ɗan ƙasa ba, bai kuma nemi takardar izinin zama ba. Sashen da ke biye da shi ya ƙara da cewa wanda aka ba makwanci yana da damar ci gaba da zama a wurin har sai an samar masa wani wuri mai ɗorewa, wato ba a yarda a kwantar da mutum yau a mayar da shi titi gobe ba. A watan Fabrairun 2012 kuma Conseil d'État, kotun ƙoli mai sauraron ƙararrakin da ake kai gwamnati, ta amince cewa samun makwancin gaggawa yana cikin muhimman haƙƙoƙin da mutum zai iya neman alƙali ya kare masa cikin gaggawa, ko da yake a 2016 wannan kotu ta taƙaita abin ga waɗanda aka ƙi ba mafakar siyasa aka umarce su da barin ƙasar, ta ce su sai in akwai wani dalili na musamman, kamar ƙananan yara da ke cikin haɗari. Ƙasashen da suka rubuta irin wannan alkawari a dokarsu ba su da yawa, kuma ni dai ina ganin Faransa ta kyauta da ta rubuta shi, domin abin da aka rubuta ana iya tsayawa a gaban alƙali a nemi a cika shi.

A birnin Paris hukumar Samusocial ce take amsa kiran. Likita Xavier Emmanuelli, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar likitoci ta Médecins Sans Frontières, shi ne ya assasa ta a watan Nuwamban 1993 da goyon bayan Jacques Chirac, wanda yake magajin garin Paris a lokacin. Tunaninsa shi ne a je a tarar da mutum inda yake kwance maimakon a jira shi ya zo ofis, shi ya sa har yau motocinta suke zagaya unguwanni cikin dare ɗauke da direba da ma'aikacin jinya da ma'aikacin jin daɗin jama'a, suna raba bargo da abin sha mai zafi, suna duba masu rauni, suna ɗaukar wanda aka samar wa gado. Wannan ɓangare na aikin ba ni da abin cewa a kansa sai alheri. Na ga yadda suke durƙusawa su yi daidai da wanda ke zaune a ƙasa kafin su yi masa magana, suna kiransa da girmamawa, kuma ba sa tilasta wa wanda ya ce shi ba zai tashi ba.

Wata rana cikin hunturu aka kawo mini wata baiwar Allah daga yankin Maraɗi, tana goye da jariri ɗan wata biyu, tana riƙe da hannun yarinya 'yar shekara huɗu. Mijinta ne ya kawo ta ƙasar, zaman ya lalace, ta fito da jaka ɗaya da keken jarirai, ta kwana biyu a ɗakin jiran wani asibiti tana zaune a kan kujera. Da ta ji na yi mata sallama da Hausa sai ta sunkuyar da kai, ta ce, "Malam, ni ba abinci nake nema ba, inda zan kwantar da yaran nan kawai." Na ce mata, "Ki kwantar da hankalinki ƙanwata, bari mu kira." Matar da ta ɗauki wayar ta tambayi suna da ranar haihuwar kowa, da inda suka kwana jiya, da ko akwai mai rashin lafiya, da ko an taɓa buɗe musu fayil a wata gunduma, ina fassarawa tana rubutawa, kuma ba ta ɗaga murya ko sau ɗaya ba duk da cewa sai da muka maimaita ranar haihuwar yarinyar sau uku. Kafin magariba saƙo ya shigo wayarta da adireshin wani otal a can ƙarshen layin jirgin ƙasa, kwana bakwai. Na raka su har bakin ƙofa. Lokacin da ta shimfiɗa jaririn a kan gado ta kwance zanen goyon, ta daɗe tana kallonsa ba ta ce komai ba, sannan ta ce alhamdu lillahi. Wanda ya ga wannan ba zai ce tsarin ba shi da amfani ba.

Sai dai na san abin da ya sa aka samar mata ɗaki a ranar, shekarun jaririn ne. Saboda gadajen ba sa isa, masu rabon sun koma jera mabukata bisa tsananin rauninsu, kuma tun daga 2023 ƙungiyoyin agaji suke kokawa cewa a Paris layin gaba ya ƙuntata har ya koma na mata masu cikin da ya haura wata bakwai da masu jariran da ba su kai wata uku ba, da masu tsananin rashin lafiya ko naƙasa. Da jaririn nan ya kai wata takwas, mai yiwuwa da an ce mata ta sake kira gobe. Wannan ba zato ba ne nawa, alƙaluma sun nuna shi. Asusun UNICEF reshen Faransa da gamayyar ƙungiyoyin agaji ta Fédération des acteurs de la solidarité suna ƙidaya a ƙarshen kowane hutun bazara, kuma a daren 19 ga Agustan 2024 sun samu yara 2,043 waɗanda iyayensu suka kira 115 aka amsa musu amma ba a samar musu wurin kwana ba, 467 daga cikinsu ba su kai shekara uku ba. Wannan adadi bai haɗa da waɗanda suka kira layi bai shiga ba, bai kuma haɗa da waɗanda suka gaji suka daina kira ba, kuma mazan da ba su da iyali su ne suka fi yawa a cikin waɗanda suka haƙura. Ƙungiyar Les Morts de la Rue, wadda take bin diddigin marasa matsuguni da suka rasu, ta ƙidaya mutum 735 a shekarar 2023, matsakaicin shekarunsu bai kai 50 ba, a ƙasar da mutane suke haura shekara 80 a duniya.

Tun da ruwa ba ya tsami banza, dole a duba inda matsalar ta samo asali, kuma a ganina tana cikin kasafin kuɗi. Ba za a ce gwamnati ba ta kashe kuɗi ba. Kotun binciken kuɗin gwamnati, Cour des comptes, ta bayyana a rahotonta na Oktoban 2024 cewa kuɗin da ake ware wa makwancin marasa matsuguni ya ninka sau uku cikin shekara goma, ya kai yuro biliyan 3.2 a 2023, ana biyan gurabe kusan 334,000 idan aka haɗa da na masu neman mafakar siyasa, waɗanda suke da nasu tsarin daban. Guraben da 115 take iya turawa mutane sun tsaya a wajen 203,000 tun bayan annobar korona. A ɗaya gefen kuma, hukumar ƙididdiga ta Insee ta samu marasa gida sama da 140,000 a 2012, gidauniyar da ake kira Fondation Abbé Pierre a da ta ƙiyasta sun kai 350,000 a rahotonta na 2025. Ke nan mabukata suna ƙaruwa, gurabe sun tsaya cik, doka kuwa tana nan tana cewa kowa, a kowane lokaci. Majalisa tana amincewa da adadin gadaje, wakilin gwamnati a kowace gunduma yana karɓar rabonsa ya ce kada a wuce, mai amsa waya kuma shi ne ake bari da nauyin faɗa wa uwa cewa babu wuri. Na sha jin muryar waɗannan ma'aikata tana rawa idan za su faɗi haka, kuma ban taɓa ganin laifin a wuyansu yake ba.

Wani abin da rahoton kotun binciken kuɗin ya taɓo, wanda duk mai aiki a ƙungiyar agaji ya san shi a jikinsa, shi ne yadda ake tafiyar da lamarin kamar wata guguwa ce da za ta wuce. Shekara da shekaru ana rubuta kuɗin da bai kai abin da aka kashe bara ba, sai shekara ta yi nisa a zo a cike giɓin, ƙungiyoyin da suke riƙe da gidajen kwanan kuma suna zaman jiran kuɗinsu ba su san ko za su iya ɗaukar ma'aikaci na dindindin ba. A ƙarshen 2022 gwamnati ta yi niyyar rage gurabe 14,000, sai da magadan gari da ƙungiyoyi suka yi ca a kanta ta janye. A Janairun 2024, ana tsakiyar sanyi, ministan gidaje na lokacin, Patrice Vergriete, ya sanar da ƙarin yuro miliyan 120, amma adadin gurabe bai motsa daga inda yake ba. Wata guda bayan haka magadan garin Strasbourg da Rennes da Bordeaux da Lyon da Grenoble suka kai gwamnatin tsakiya ƙara, suna neman ta biya su kuɗin da suka kashe wajen kwantar da mutanen da nauyinsu yake kanta. Shugaba Emmanuel Macron ya faɗa a birnin Orléans a watan Yulin 2017 cewa ba ya son a ƙara ganin mata da maza suna kwana a titi kafin ƙarshen waccan shekara, kuma ina ganin daidai ne a riƙa tuna masa da wannan magana, domin shugaba ne ya faɗe ta a bainar jama'a.

Inda na fi jin takaici shi ne batun otal, domin a nan ne kuɗi mai yawa yake zurarewa. A yankin Paris da kewaye kawai, mutanen da suke kwana a otal da kuɗin gwamnati sun kai wajen 50,000 a kowane dare, mafi yawansu iyalai ne da yara. An fara wannan ne a matsayin maganin wucin gadi, saboda kama ɗakin otal ya fi gina gidan kwana sauri, kuma kwana guda a otal ya fi kwana a cibiya mai ma'aikata araha, to amma abin wucin gadi ya zama zama, har ana samun yaran da aka haifa a ɗakin otal suka shiga makaranta suna cikinsa. Otal ɗin da aka mayar da matar nan ta Maraɗi bayan kwanaki bakwai na farko ɗaki ne da gado biyu suka cinye shi, ba a iya buɗe ƙofar banɗaki sai an naɗe keken jaririn. An hana girki a ɗaki, na'urar ɗumama abinci guda ɗaya ce a ƙasa ga gidan gaba ɗaya, kuɗin cizo ya yi wa yarinyar rauni a hannu da wuya, mai otal ɗin kuma idan aka yi masa magana sai ya ce wanda bai gamsu ba ga hanya nan. Ta nuna mini wata 'yar tukunyar lantarki da take ɓoyewa a ƙarƙashin kaya, tana dafa shinkafa a ciki da tsakar dare ta buɗe taga don kada ƙamshi ya fita baranda. Ta ce mini, "Malam, a gida ko talauci ya kai ina, mace tana da murhunta." Binciken da Samusocial ta gudanar a 2013 kan iyalai marasa matsuguni a yankin Paris ya gano kusan takwas cikin kowane iyali goma ba su da tabbacin samun isasshen abinci, kuma wanda ya ga ɗakin da ba a girki a cikinsa ya san dalili.

Haramcin girkin yana da tushe, ba zan ɓoye wannan ba. A daren 15 ga Afrilun 2005 gobara ta tashi a otal ɗin Paris-Opéra, inda hukumomin jin daɗin jama'a suka ajiye iyalai, galibinsu 'yan Afirka, ta kashe mutum 24, ciki har da yara 11. Tun daga lokacin aka tsananta binciken otal-otal ɗin da ake kama wa mabukata, kuma akwai masu otal da suke riƙe amana, sun tanadi ɗakin girki na haɗin gwiwa da wurin wanki. Amma darasin da ya kamata a ɗauka daga waccan musiba shi ne gini da aka yi don matafiyi mai kwana biyu bai dace da renon yara na shekara uku ba. Ga kuma rashin tabbas, domin otal ɗan kasuwa ne, idan ya hango baƙi masu biya da tsada sai ya soke yarjejeniyarsa, kamar yadda da dama suka yi gabanin wasannin Olamfik na 2024. A daidai wannan lokaci, daga 2023, gwamnati ta buɗe cibiyoyin wucin gadi guda goma a wasu yankunan ƙasar tana kwashe mutane daga Paris zuwa can na tsawon mako uku kafin a san inda za a kai su. Duk sauyin wuri yana nufin yaro ya bar makarantarsa ko ya riƙa tafiyar awa guda da rabi a jirgi, uwa ta rabu da asibitin da ya san fayil ɗinta, uban da ya samu ɗan aikin wanke-wanke ya rasa shi.

Abin da ya ƙara mini ƙarfin wannan ra'ayi shi ne Faransa ta riga ta gwada wata hanya ta ga amfaninta. Daga 2011 aka fara shirin Un chez-soi d'abord a Marseille da Lille da Toulouse, daga baya Paris, inda ake ɗaukar mutumin da ya daɗe a titi kuma yake fama da taɓin hankali a ba shi gida kai tsaye, ma'aikata su riƙa ziyartarsa, maimakon a ce sai ya bi matakai daga gidan kwana zuwa cibiya kafin ya cancanci mabuɗi. Fiye da takwas cikin goma suna cikin gidajensu bayan shekara biyu. A kan wannan aka gina shirin ƙasa na Logement d'abord, wato a fara ba mutum gida, daga 2018, kuma ya fitar da mutane masu yawa daga titi da gidajen kwana zuwa gidajen haya masu rahusa. Inda gizo ke saƙa shi ne gidajen gwamnati masu rahusa ba sa isa, masu jiran layi sun haura iyali miliyan biyu da rabi, sannan wanda ba shi da takardar izinin zama ba shi da damar neman su ko kaɗan, don haka yakan maƙale a otal shekara da shekaru, ba a kore shi ba, ba a kuma ba shi izinin aikin da zai biya haya da guminsa ba. Gadon da ya kamata ya karɓi sabon mabukaci a daren yau yana hannun iyalin da suka shekara huɗu suna jiran takarda, kuma gwamnati ce take biyan kuɗin wannan jira kowane dare. Da an hanzarta duba takardun iyalan da suka daɗe, waɗanda 'ya'yansu suke makaranta, da gurabe masu yawa sun buɗe ba tare da an ƙara ko yuro ɗaya a kasafi ba.

Ga ɗan uwan da ya tsinci kansa cikin wannan hali, shawarata ita ce ya kira, kuma ya ci gaba da kira kowace rana ko da jiya an ce babu, domin kowane kira yana shiga fayil ɗinsa, shi ne kuma shaidar da lauya zai riƙe idan abin ya kai gaban alƙali. A kira da sassafe, a tabbatar waya tana da caji domin jira yakan yi tsawo, a nemi mai jin Faransanci ya tsaya kusa, a kuma faɗi duk wata larura ba tare da jin nauyi ba, ko ciki ne ko ciwon suga ko dukan miji, saboda kunyar da muka taso da ita takan sa mace ta ce lafiya lau alhali tana cikin tsanani, ma'aikatan 115 kuwa da abin da aka faɗa suke aiki. A nemi ma'aikacin jin daɗin jama'a ya shigar da buƙata a ofishin SIAO na gunduma, wanda shi ne yake rabon gurabe masu ɗorewa, a kuma yi rajistar adireshin karɓar wasiƙa a ofishin jin daɗin jama'a na gari ko a wata ƙungiya da aka amince da ita, domin ba tare da adireshi ba komai ba ya tafiya. Mace mai ciki ko mai yaro ƙasa da shekara uku wadda take ita kaɗai tana da wata ƙofa ta biyu, domin doka ta ɗora nauyinta a kan hukumar kula da yara ta gunduma. Karatu kuma wajibi ne ga kowane yaro daga shekara uku tun 2019, ko iyayensa suna da takarda ko ba su da ita. Idan sanyi ya tsananta akan buɗe zaurukan wasanni a jera gadaje, wannan ma ta 115 ake shiga.

Matar nan ta Maraɗi tana cikin otal na huɗu yanzu, kuma wannan yana da ɗakin girki a ƙasa, ana ba kowane iyali awa guda. Yarinyar tana aji biyu na firamare, tana yin aikin gida a kan gado da littafi bisa cinyarta, ita ce take karanta wa uwarta saƙonnin da suke shigowa waya da Faransanci. Jaririn da na gani ɗan wata biyu ya shiga makarantar reno a watan Satumba. Takardar zamanta tana hannun hukuma ana dubawa, kuma sai ta fito za a karɓi buƙatarta ta gidan haya.